Sikirin ɗin Sodangi

Kaura Namoda,
9 ga Satumba.

Yaya Salim,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Rahina da yara, da kasuwa. Mu nan alhamdulillahi. Inna tana Zurmi, ta ce in na samu mai zuwa in gaishe mata da ɗan wanta da ya manta hanyar gida.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Kwana shida ke nan da aka yanke layin waya a jiharmu, wayoyinmu duk sun koma tocila. Labbo ne zai kawo maka wannan, abokin Baban Mardiyya da ke kai wake Legas. Rabona da biro tun sakandare, don haka ka kama bakinka game da rubutuna, na san halin taubashina.

Ka ji abin da ya samu Baban Mardiyya a watan Yuli, har ka kira ka yi jaje. Mutanen daji sun buɗe wa motarsa wuta a hanyar Shinkafi, motar ta kife, ƙafar hagu ta karye, kansa ya bugu. An ɗaure ƙafar, tana haɗewa, jikin da sauƙi. Abin da ban gaya maka ba shi ne yadda ya koma. Mutumin da in yana ba da labari a tasha har masu shayi ke barin tukunya su matso, yanzu ya daina magana. Yana kwance ya ba bango fuska. In na kai tuwo, loma biyu ya ture kwanon. Mardiyya ta hau jikinsa ta yi surutunta ta gaji ta sauka. Abokansa direbobi sun yi ta zuwa har sun rage, kuma ban ga laifinsu ba. Ina tsoro, Yaya. Ba ƙafar ce ke ba ni tsoro ba, wannan shirun ne, ina ganin mutum yana ƙarewa a gabana ba tare da wani ciwo da zan nuna wa likita ba.

Shekaranjiya da hantsi ina shara sai na ji ya ce, "Wagga mota ta Salim, ta cikin kwamfuta, har yanzu tana nan?" Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ka tuna Sallar da ka zo da kwamfutarka ka nuna masa wasan tuƙin babbar mota? Ya yi ta yi maka dariya wai motar da ba ta warin dizal ba mota ba ce, sannan ya hana ka kwamfutar har la'asar. Ita yake nufi. Ya ƙara da cewa, "Da ina samun irinta, da na ɗan taɓa." Tun da aka sallamo shi daga asibiti a Gusau bai yi magana mai tsawon wannan ba. Ranar ya shanye kununsa tas.

Ni keken ɗinki na sani, ban san kan waɗannan abubuwa ba. Kai ne mai gyaran kwamfuta a danginmu. Don Allah ka haɗa masa wadda zai tuƙa motar nan a cikinta, ka gaya mini abin da ya rage a kaina. Ban da wata dabara bayan wannan.

Ƙanwarka,
Karima.

*

Ikeja, Legas,
19 ga Satumba.

Karima,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, Rahina tana gaishe ki, ta ce Allah ya ƙara wa mijinki Sodangi sauƙi. Rubutunki na nan yadda na san shi, kamar kaza ta bi ta kan takarda, amma na karanta, sau biyu ma. A karo na biyu na kasa yin dariya. Sodangi ne ya fara kawo ni Legas a gaban motarsa ina da jaka ɗaya, bai karɓi ko sisina ba. Wannan aiki nawa ne, kada ki sake yi mini maganar abin da ya rage a kanki.

Akwatin kwamfutar ba matsala, ina da kayan da zan haɗa shi a shago, kuma zan saka wasan yadda zai buɗe ba sai da intanet ba. Abu biyu ne sai an zaɓa, ki karanta a hankali. Na farko sikirin, wato gilashin da zai riƙa kallon hanya a ciki. Na biyu katin hoto, mu nan girafik kad muke ce masa, shi ne ke zana hanyar da itatuwa da motocin da ke wucewa. Ki ce wa Sodangi sikirin shi ne gilashin gaban mota, katin kuma inji. Zai gane.

Hanya biyu ke gabana. Akwai wata tsohuwar talabijin mai inci arba'in da uku a bayan shagona, da ƙaramin kati wanda zai iya jan ta. Wannan ko yau zan iya ɗora wa Labbo. Hoton ƙato ne, da haske sosai, kuma ba ta cin wuta. Amma in aka matso ana ganin ƙwayoyin hoton kamar tsaki, rubutun allunan hanya ba ya fita, in mota ta ɗauki gudu hoton yana ɗan tsinkewa. Gaskiya kunya nake ji in aika wa direban da ya shekara sha tara a kan titi da irin wannan.

Ta biyun ita ce ta gaske. Sikirin mai inci ashirin da bakwai, wanda aka yi don wasa. Bai kai talabijin girma ba, amma hotonsa ya ninka nata kaifi, yana sauyawa sau ɗari da arba'in da huɗu a daƙiƙa ɗaya, ido ba ya jin ko gargada. Zai ga allurar mai a gabansa, zai ga lambar motar da ke bayansa a madubi, in ana ruwa zai ga ɗigon yana gangarowa a gilashi. Sai dai yana buƙatar babban kati, kuma bana katin ya yi wuya a duk kasuwar nan, masu haƙar kuɗin intanet da kwamfuta sun kwashe. Akwai wani mai kawo mini gyara da zai sake nasa ya sayar da tsohon nan da sati uku, na riga na kama masa hannu.

Kafin in yanke, amsa mini uku. Yaya wutarku? Babban kati mayen wuta ne. Zai iya zama a kujera gaban tebur, kamar kamu biyu tsakaninsa da sikirin? Sannan yaya idonsa, tunda kin ce kan ya bugu? Ƙaramin sikirin mai kaifi na mai lafiyar ido ne, wanda idonsa ya raunana babba mai haske ya fi masa. Na tambayi Labbo, ya ce da sauƙi, amma na fi so in ji daga gare ki.

Ki gaishe shi, ki ce masa mai motar da ba ta warin dizal yana nan bai manta ba.

Yayanki,
Salim.

*

Kaura Namoda,
1 ga Oktoba.

Yaya Salim,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarka ta iso, Allah ya saka da alheri, ya raya maka zuri'a. Kazar da ka ambata tana gaishe ka.

Na zauna a bakin gado na karanta masa ita daga farko har ƙarshe, don shi ya ce in karanta masa. Da na zo wurin ɗigon ruwa a gilashi ya ce in maimaita. Yanzu haka yana zaune kusa da ni ina rubutun, yana tambaya me na sa.

Ga amsoshinka. Wutar gari sai ta yi kwana biyar ba mu gan ta ba. Janareta kuma ka cire shi a lissafi, an hana sayar da fetur a jarka, ko kwalba aka gan ka da ita sai ka yi bayani. Muna da sola guda biyu a kan rufi da batir ɗaya. Na kai takardarka wurin Jafaru mai haɗa sola, ya ce in babban katin ne sai an ƙara batir, kuma da rana tsaka kaɗai za a riƙa kunnawa. Na sayar da kekena na sa ya ɗaura na biyun. Kada ka yi mini faɗa. Tun da aka rufe kasuwannin mako ɗinkin ma babu, keken zaman banza yake yi.

Zama kuwa yana iyawa, an cire ɗaurin ƙafar, ta dama ma lafiyarta lau. Na sa an gyara teburin yankan yadina, an matso da shi jikin taga, don yanzu ya fi son haske. Ko da azahar sai ya ce in ɗage labule, ɗakin ya yi duhu.

Ido da sauƙi, alhamdulillahi.

Na karanta masa hanyoyin biyu na ce ya zaɓa. Sai ya ce, "Ki hwaɗa mishi a ba ni mai kyan. Ban taɓa tuƙi da gilas mai hazo ba, ba yau za ni hwarawa ba." To ka ji. Ni da na so a ɗauko wadda ke hannu, amma shi ne mai tuƙin. Sai dai ina roƙonka, Yaya, kada abin ya daɗe. Sati ukun nan da ka ce, a tsaya a kansu.

Yana cin abinci yanzu, ba da yawa ba. Kullum da safe sai ya tambaye ni yau kwana nawa da tafiyar Labbo, ko da Labbon yana gari.

Ƙanwarka,
Karima.

*

Ikeja,
12 ga Oktoba.

Karima,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai ƙaramin da ke fama da haƙori, ya hana kowa sakat. Na ji daɗi da na ji ido lafiya, wannan ne dama ya tsaya mini a rai. Maganar keke kuwa ba zan yi faɗa ba, amma na ji ciwo, kuma in Allah ya so sai na mayar miki da wani.

Zaɓin Sodangi ya yi mini daidai, direban ƙwarai ke nan. Sikirin ɗin na riga na ɗauko shi, yana nan cikin kwalinsa a ƙarƙashin teburina, na gwada shi ba ko ɗigo ɗaya da ya mutu. Katin ne bai zo hannu ba. Mutumin ya ce nasa sabon yana kan ruwa, jirgin bai sauke kaya ba, kuma ba zai saki tsohon ba sai ya riƙe sabon. Ya ce ƙarshen wata. Na zaga kasuwar nan layi-layi ko zan samu wani, abin da na gani ko dai wanda masu haƙar kuɗi suka gasa har fankarsa ta gaji, ko wanda aka sake wa takarda aka ce sabo ne. Ba zan aika muku abin da zai mutu bayan sati biyu a garin da ba mai gyara ba.

Na yi tunanin in ɗora wa Labbo talabijin ɗin ya riƙa lallaɓawa kafin nan, har na ciro ta na goge ƙura. Sai na ce a'a. In ya fara da mummunan hoto zai raina abin, ya ce dama wasan yara ne, ya koma wa bangonsa. Gara ganin farko ya zama na gaske. Wanda ya yi haƙurin wata uku, sati biyu ba zai gagare shi ba.

Don kada Labbo ya koma hannu biyu, ga sitiyari da feda na aiko. Sitiyarin irin mai nauyi ne, yana juyawa kamar na babbar mota, in taya ta hau gargada har a hannu ake ji. Ki ɗaure shi a bakin tebur da ƙarfen da ke ƙasansa, fedar a ƙasa. Ya riƙa saba hannu.

Ki ƙara haƙuri, ƙanwata. Tun kina yarinya ba ki iya jiran tuwo ya huce.

Salim.

*

Tashar Kaura,
24 ga Oktoba.

Yaya,

Ina gaisuwa. A tsaye nake rubuta wannan a jikin motar Labbo, Baban Mardiyya bai san na fito ba.

Sitiyarin ya iso, mun gode. Tun ranar yake zama a gabansa daga hantsi har azahar, yana juya shi, yana taka feda, gabansa bango ne kawai. Wani lokaci yana yin ƙarar inji da bakinsa a hankali, in ya ji motsina ya daina.

Ka aiko da talabijin ɗin. Ka bar maganar kati, ka bar maganar kaifin hoto, ka ɗora wa Labbo babbar nan mai haske da duk abin da zai kunna ta, a wannan zuwan. Ko ya raina, ni na ɗauki laifin. Don girman Allah kada ka jira ƙarshen wata.

Jikinsa da sauƙi. Ka dai aiko.

Karima.

*

Ikeja,
8 ga Nuwamba.

Karima,

Gaisuwa mai yawa, da albishir. Ga kaya nan gaba ɗaya.

Takardarki sai ranar uku ga wata ta same ni. Motar Labbo ta karye a hanya kusa da Mokwa, ya yi kwanaki yana jiran kayan gyara. Na karanta na ce wannan Karima da gaggawa take. Na gane, ganin mutum yana juya sitiyari gaban bango ba daɗi. Amma ranar da takardar ta zo, mutumin nan ya aiko cewa saura kwana huɗu. Ki duba fa, a ɗauki tsohuwar talabijin a bi da ita wannan doguwar hanya saboda kwana huɗu? Na roƙi Labbo ya jinkirta lodinsa, ya yi ta gunaguni, ya ce ni ban san abin da ake ciki ba. Na ce ya gaya mini, ya ce ba komai, Allah dai ya sawwaƙe. Ya dai jira.

Katin ya zo jiya, kuma ya biya jiran. Na haɗa, na kunna, maƙwabtan shagona suka taru a kaina, wani ya rantse bidiyo ne aka ɗauka. A shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a ban haɗa wa kowa abin da ya kai wannan ba, har masu kuɗin da ke zuwa da direba.

Kowace waya na naɗa mata farin tef na rubuta lamba, ramin da za ta shiga ma na sa masa lambar. Ɗaya ta shiga ɗaya, biyu ta shiga biyu, ko Mardiyya za ta iya. Wayar sikirin a jikin katin za ki sa, ramin ƙasa, ba na sama ba. Kada ki jingina akwatin da bango, yana son iska. Na kuma zana miki yadda ake shiga motar a bayan takardar nan. Na zaɓa masa jar mota irin tasa, na ajiye ta a bakin hanya ana yayyafi, da ya kunna abin da zai fara gani ke nan.

Ki rubuto mini abin da ya ce, kalma da kalma. Ina so in san yadda fuskarsa ta yi.

Yayanki,
Salim.

*

Kaura Namoda,
15 ga Nuwamba.

Yaya Salim,

Assalamu alaikum. Kaya sun iso lafiya, ba abin da ya fashe. Allah ya biya ka. Ka ce in rubuto maka kalma da kalma, to ga shi.

Na haɗa ranar Asabar da rana ta take, batir ya cika. Lambobinka ba su ɓatar da ni ba. Da hoton ya fito Mardiyya ta yi tsalle tana cewa ruwa, ruwa, har ta kai hannu za ta share gilashin. Ni ma na tsaya kallo. Ba ka yi ƙarya ba, Yaya, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba.

Na kamo hannunsa na zaunar da shi. Ya laluba ya kama sitiyari. Ya ce, "An kunna ta?" Na ce an kunna. Ya matso da fuskarsa, ya ƙara matsowa, har hancinsa ya taɓa sikirin ɗin. Ya juya kai gefe yana nema da gefen idon dama. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Ina ganin wuri ya yi haske-haske. Mi ac ciki?" Na ce jar mota ce irin taka, ana yayyafi. Ya ce, "Ja ta?" Na ce ja ce. Ya ce, "Salim ya kyauta." Ya koma ya jingina, hannunsa na kan sitiyari, hawaye na bin gemunsa. Yadda fuskarsa ta yi ke nan.

Baban Mardiyya ba ya gani, Yaya. Tun a watan Agusta likita ya gaya mana buguwar kan ta taɓa jijiyar ido, na hagu ya tafi, na dama zai bi shi a hankali. Ranar da na rubuta maka takardar farko yana gane fuskata daga bakin ƙofa, yana faɗin launin zanen da na ɗaura. Ranar da ka tambaye ni ido, yana ganin mutum a tsaye da ƙofa da taga, talabijin ɗin nan taka da ya gan ta sarai, da ya ga hanya ko da allunan ba su fita ba. Ranar da na rubuto daga tasha, da safen ya miƙa wa Mardiyya hannu a inda ba ta nan. Yanzu rana da inuwa kaɗai yake bambancewa.

Za ka ce me ya hana ni faɗa. Yana zaune a gefena lokacin, ya ce kada in kuskura, ba ya so a ji a tasha cewa Sodangi ya makance. Amma ba zan ɗora masa duka ba, a tasha ni kaɗai ce da biro, kuma hannuna ya ƙi. Ta yaya zan rubuta a takarda cewa mijina zai makance, yana raye, Allah bai gama hukuncinsa ba? Haka aka tashe mu. Ranar da Baba zai rasu, da safen duk wanda ya zo dubiya da sauƙi muka ce masa, kai ma kana tsakar gidan kana faɗa. Labbo ya sani, shi ma abin da ya iya ce maka ke nan.

Na yi fushi da kai kwana biyu. Na ce ɗan gidanmu ne, ya ji an ce ɗaki ya yi duhu da azahar, ya ji mace ta fito tasha a ɓoye tana haɗa shi da Allah, me kuma yake so a ce masa? Daga baya fushin ya dawo kaina, ya zauna, har yanzu yana nan. Ka yi tambaya a fili, na ba ka amsar da ake ba ɗan dubiya.

Ranar bai ci komai ba.

Karima.

*

Ikeja,
20 ga Nuwamba.

Karima,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta a shago, na rufe na koma gida.

Talabijin ɗin tana nan inda na jingine ta ranar da na goge mata ƙura. Na kasa kallonta. Kada ki ɗauki laifin nan ke kaɗai. Na ga maganar labulen, na wuce ta, saboda na riga na ƙwallafa rai a kan sikirin ɗin. So nake Sodangi ya ga abin da yaron da ya kawo Legas ya iya. Wannan ne gaskiyar, kuma ita ta ci masa wata biyu.

Bari in aiko ta yanzu, ko hasken ne ya fi yawa. Akwai kuma babban asibitin ido a Kaduna, ku shirya in zo in kai shi da kaina. Ki gaya mini abin da zan yi, ko mene ne. Ki ce masa ya yafe mini, na kasa rubuta masa da kaina tunda ke za ki karanta.

Salim.

*

Kaura Namoda,
25 ga Nuwamba.

Yaya Salim,

Ina gaisuwa, a gaida Rahina da yara. Jikinsa babu sauƙi. Ka ga, yau na iya rubutawa.

Na isar da saƙonka. Ya ce ba abin yafewa, shi ya zaɓa da bakinsa. Talabijin ka bar ta, ba ta da aiki a nan. Kaduna ma ya ce ba za shi ba, likitan Gusau ya riga ya gaya mana ba ciwon da ake yi wa aiki ba ne, kuma ba zai sake bin hanyar nan ana riƙe masa hannu ba.

Kwana uku bayan ranar da na haɗa, da kansa ya ce in zaunar da shi. Yanzu kullum da rana tsaka nakan kunna, in shigar da shi motar yadda ka zana mini, sannan in kashe sikirin ɗin, batir ya fi daɗewa in yana kashe. Nakan lulluɓe shi da ɗankwali saboda ƙura. Shi kuma ya tada inji, ya saurara, ya ce, "Bismillah, mun bar Kaura." Hanyar Shinkafi yake bi a kansa. Ya san kowace kwana da kowane rami, yana rage gudu inda gada take, yana yi wa masu shayi hon. A wannan lokacin muryarsa ta dā ce, Yaya, har tsawa yake yi wa masu babur.

Amma hanyar cikin kwamfutar ba tasa ba ce, ta wata ƙasa ce mai duwatsu. Yana karya kwanarsa, motar ta daki ƙarfen gefen titi. Sai ƙarar ƙarfe da fashewar gilashi ta cika ɗakin, sitiyarin ya fizge daga hannunsa. Irin ƙarar ranar da motarsa ta kife ce. Sai ya saki komai, ya laluba ya koma gado ya ba bango fuska, ranar kuma ba maganar abinci. Na gwada kunna sikirin ina ce masa dama, hagu, ya ce in yi shiru, "Ni as san hanyag ga, ba ke ba."

Abu ɗaya nake roƙo, kuma wannan karon a fili zan faɗa. Ka rubuto mini dalla-dalla, da lambobi yadda ka yi wa wayoyin, inda zan shiga in kashe ƙarar haɗarin, in hana sitiyarin fizga, a bar masa kukan inji da hon kaɗai. Motar ta faɗa duk ramin da za ta faɗa, ba mai kallo. Ka ba Labbo a wannan zuwan, kada ka tsaya neman hanyar da ta fi kyau.

Har yau bai taɓa wuce Moriki ba. Ina so ko sau ɗaya ya kai Shinkafi ya kashe motarsa da hannunsa.

Ƙanwarka,
Karima.